Kwamfutocin Duwan Sun Ƙulla Zumunci, Gwamnatoci Sun Raba Gari: Ina Makomar Hanyar Malanville Da Gaya?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano ya nufo arewa, ya san cewa kilomita 700 da 'yan kai da ke tsakanin bakin teku da Malanville ba su ne ke cinye masa riba ba. Babbar mota mai lafiya kwana biyu ya ishe ta ta iso bakin kogin Kwara. Abin da ke cinye riba shi ne kwanakin da motar za ta yi a fake, direba da yaransa na cin guzuri, mai kaya na buga waya safe da yamma, ana jiran wata takarda ta fito daga wannan ofis ta shiga wancan. Shi ya sa lokacin da aka fara batun cewa kwastan na Benin da na Nijar, wato duwan kamar yadda muka fi kiran su a wannan yanki, za su riƙa aika wa juna bayanin kaya ta kwamfuta tun kafin mota ta taso, da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu suka yi hamdala, wasu kuma suka yi shiru suna lissafin abin da zai tonu.

An yi haɗin, ya kuma fara aiki. To amma abin da ya auku a kan gadar Malanville daga watan Yulin 2023 ya nuna wa kowa iyakar abin da na'ura za ta iya, domin kwantenar da aka gicciye a tsakiyar gada ta fi ƙarfin duk wani saƙo da zai tashi daga Kwatano zuwa Yamai. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi wa mai karatu bayanin tsarin dalla-dalla, da inda yake da amfani, da inda yake da cizo, da kuma abin da ya kamata 'yan kasuwa su nema a wajen hukumomi.

Idan dai ba a manta ba, maganar sauƙaƙa wucewar kaya ba yau aka fara ta ba. Tun ranar 29 ga Mayun 1982 shugabannin ƙungiyar ECOWAS, wadda ƙasashe masu magana da Faransanci ke kira CEDEAO, suka sa hannu a Kwatano a kan yarjejeniyar da aka fi sani da TRIE. Abin da aka rubuta a cikinta mai daɗin ji ne: kayan da za su ratsa wata ƙasa su wuce wata, a yi masu takarda ɗaya, a ajiye kuɗin lamuni sau ɗaya, a ɗaure motar da hatimi, ta tafi har inda za a sauke ba tare da an sake buɗe ta ba. Shekaru fiye da 30 suka shuɗe, a aikace kowace ƙasa takardarta take yi, kowace majalisar 'yan kasuwa kuma tana karɓar nata kuɗin lamunin, wanda a ƙa'ida kashi 0.5 cikin 100 ne na darajar kaya. A kan haka aka ƙara ɗora rakiyar jami'ai, wadda ita ma mai kaya ne ke biya, kuma mota ba ta tashi sai ayari ya cika.

Ba wai shugabannin duwan ba su iya karatun yarjejeniya ba ne. Tsoro ne kowa ke ji. Duwan na Benin na tsoron kayan da aka ce na Nijar ne, aka yafe masu kuɗin fito, su zube a Bohicon ko Faraku su shiga kasuwa. Duwan na Nijar kuma na tsoron a kawo masu takardar da aka rage adadin kaya ko kuɗinsu a hanya. Shedar da za ta tabbatar wa Kwatano cewa mota ta isa inda aka ce za ta, kofin takarda ne da sai an dawo da shi da hannu, wani lokaci bayan makonni, wani lokaci kuma ya ɓace, ko a kawo na jabu. Wanda bai yarda da maƙwabcinsa ba kuwa dole ya sa gadi. Ko da kwamfuta ta shigo, da manhajar SYDONIA wadda hukumar ciniki ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirƙiro, kowace ƙasa tata ta kafa, ba mai jin abin da ɗaya ke faɗa. Sai ma'aikacin taranzi ya buga bayani a Kwatano, wani kuma ya sake buga shi daga farko a Gaya, kuma duk harafin da aka kuskure kwana ne.

Wannan ɓaraka ce aka so a ɗinke da tsarin SIGMAT, wanda ECOWAS ta ƙaddamar a birnin Abijan a watan Maris na 2019, aka fara da hanyar Kodebuwa zuwa Burkina Faso, kafin Benin da Nijar da Togo su bi sahu ba da jimawa ba. Ga yadda aka tsara shi. Ma'aikacin taranzi mai lasisi zai shigar da bayanin kaya a ofishin tashi, alal misali tashar Kwatano, sai kwamfuta ta fitar da takardar wucewa da ake kira T1, mai ɗauke da lamba ta musamman. A cikinta akwai sunan mai kaya, da irin kayan, da nauyinsu, da darajarsu, da lambar mota, da lambar hatimi, da hanyar da za a bi, da wa'adin da aka ba direba. A daidai lokacin da aka tabbatar da takardar, bayanin zai faɗa kwamfutar duwan ta Nijar. Ke nan jami'in da ke Gaya ya san da zuwan motar tun tana Allada. Idan ta iso Malanville sai a buga cewa ta fita, a Gaya a buga cewa ta shiga, a ofishin sauka kuma, ko Dosso ne ko Yamai ko Maraɗi, a buga cewa ta iso da hatiminta lafiya. Wannan saƙo na ƙarshe shi ne zai koma Kwatano ya rufe takardar, a saki lamunin.

Mai karatu ya lura da wannan saƙo na ƙarshe, domin nan ne kuɗinsa yake. Muddin ba a rufe T1 ba, a idon duwan na Benin kayan nan suna cikin ƙasarsu ba a biya masu fito ba, kuma ma'aikacin taranzin da ya tsaya masu shi za a bi. Shi kuma ba daga aljihunsa zai biya ba. Ko dai ya dawo kan mai kaya, ko kuma a toshe masa lasisi, kayan wasu mutum goma da ba su ji ba su gani ba su maƙale a tasha, kuɗin ajiya da na jinkirin kwantena na hawa kullum.

Haɗin kwamfutar ya zo ya tarar da wani aiki da ƙungiyar UEMOA ta yi da tallafin Tarayyar Turai, wato ginin tashar bincike ta haɗin gwiwa a Malanville, inda aka nufi jami'an ƙasashen biyu su zauna a harabar gida ɗaya, mota ta tsaya sau ɗaya maimakon sau biyu. Gini da waya idan suka haɗu, abin da ake buri ke nan. Kuma ba mafarki ba ne, don an ga irinsa a gabashin Afirka. Bayan da Kenya da Uganda da Ruwanda suka fara aiki da tsarin kwastan na bai ɗaya a shekarar 2014, hukumominsu sun bayyana cewa tafiyar kaya daga Mombasa zuwa Kampala ta sauko daga kwana 18 zuwa kwana 4. Ko da an ce alƙaluman gwamnati ne a rage masu gishiri, bambancin da ya rage ba ƙarami ba ne.

To amma fa gaskiya ɗaya ce, kuma gara mu faɗa wa juna ita. Tsarin da ke sauƙaƙa wa mai gaskiya, shi ne ke tona asirin mai rasit biyu. An daɗe ana al'adar nuna wa Kwatano takardar saye ɗaya, a nuna wa Gaya wata mai rabin kuɗi, ko a rubuta kayan gwanjo alhali atamfa ce a ƙasa. Lokacin da ofisoshin biyu ba sa jin juna, hakan na wucewa. Idan suna jin juna kuwa, abin da aka faɗa a bakin teku shi zai riga mota isa bakin kogi, kuma bambancin da aka gani tara ce, ko kame. Gwamnatoci ba don son 'yan kasuwa kaɗai suka kashe kuɗi a kan wannan aiki ba, baitulmalinsu suke karewa. Mu a ganinmu cinikin bai yi muni ba, idan har za a cika alkawarin ɗaya ɓangaren: mai kaya ya faɗi gaskiya, hukuma kuma ta janye rakiya, ta rage shingayen hanya, ta daina karɓar lamuni sau biyu. Inda matsalar take shi ne a karɓi gaskiyar, a bar shingayen a inda suke. Kwamfuta ba ta ɗaga gungumen da aka gicciye a hanya tsakanin Kandi da Guene, ba ta kuma hana a ce wa direba ya kawo na goro. Haka nan ranar da aka ce layi ya yanke ko wuta ta ɗauke, mota kwana take yi, sai a koma ga takardar hannu da duk abin da ke biye da ita.

Akwai kuma babban baƙo a wannan zance wanda ba a gayyace shi da wuri ba, wato Najeriya. Kowa a yankin Dendi ya san cewa manyan shagunan ajiya na Gaya ba don cikin garin Gaya aka gina su ba, haka na Birnin Ƙonni da Maraɗi. Kaso mai yawa na shinkafa da gwanjo da yadi da tsofaffin motocin da ake rubutawa da sunan Nijar, Kamba da Illela da Jibiya suke dosa. Abin lura shi ne shekarar da aka ƙaddamar da SIGMAT ita ce shekarar da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, a watan Agustan 2019, kuma ba a fara buɗe su ba sai Disamban 2020. Ƙorafin Abuja a lokacin shi ne ba ta san abin da ke shigo mata ta maƙwabta ba, kuma kayan da aka ce wucewa za su yi ana farfasa su a hanya. Wannan ƙorafi kuwa ainihin ciwon da musayar bayanai ke magani ne. Da a ce kwastan na Kamba na ganin abin da duwan na Gaya ke gani, da hujjar rufe iyaka wata 16 ta yi rauni. Sai a watan Mayun 2025 aka ƙaddamar da haɗin SIGMAT tsakanin Najeriya da Benin, a iyakar Seme-Krake, inda shugaban kwastan na Najeriya, Bashir Adewale Adeniyi, ya halarta. Seme kuwa can kudu take, hanyar Legas. Mu na arewa sai dai labari.

Yanzu mu dawo kan gada. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Ranar 30 ga watan ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, Benin ta rufe nata ɓangaren, sojojin Nijar kuma suka tare gadar da kwantenoni saboda barazanar kawo masu hari. Ɗaruruwan manyan motoci suka yi layi a Malanville, wasu ɗauke da abinci da magani, da takardunsu cikakku, da lambobinsu a cikin kwamfutocin ƙasashen biyu, amma babu hanya. A watan Disamban 2023 Benin ta ɗage hanin sauke kayan Nijar a tashar Kwatano, ranar 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta janye takunkumin, Benin ta buɗe ƙofarta. Nijar ta ce ita ba za ta buɗe ba. Firaminista Ali Mahaman Lamine Zeine ya bayyana a watan Mayun 2024 cewa dalilin tsaro ne, yana zargin akwai sansanonin Faransa a arewacin Benin, zargin da Kwatano ta musanta. Shugaban Benin na lokacin, Patrice Talon, ya mayar da martani da hana lodin ɗanyen man Nijar a Seme, kafin daga baya a sasanta wannan ɓangaren. Tsofaffin shugabanni Nicephore Soglo da Boni Yayi sun je Yamai sulhu a watan Yunin 2024. Duk da haka shekarar 2025 ta ƙare gadar na a tare.

Wani abin mamaki, bututun man da ya taso daga Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, ta wannan yanki namu ya ratsa kogi ya shiga Benin, kuma bayan rigimar 2024 man ya ci gaba da gangarawa teku. Ashe idan abu ya shafi baitulmali kai tsaye ana samun hanyar magana. Buhun albasar Galmi da na garin rogo ne ba su da mai yi masu roƙo.

Ciniki kuwa bai tsaya ba, sauya hanya ya yi, kuma duk hanyar da ya bi ta fi ta da tsada. Manyan kaya suka koma tashar Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori zuwa Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji, a hanyar da 'yan bindiga suka sha kai wa direbobi hari, mota ta yi makonni tana jiran ayari. Ƙananan kaya da fasinjoji suka koma kwale-kwale: a sauke a Malanville, a biya 'yan dako, a biya mai jirgi, a sake biyan 'yan dako a tsallake, a ɗora wa wata mota a Gaya. Matasan bakin kogi sun samu abin yi, ba ma yi masu baƙin ciki. Amma duk buhun da ya haye a jirgi ba shi da T1, ba shi da hatimi, babu kwamfutar da ta san da shi, idan ya nutse kuma babu inshorar da za ta biya. Shekarun da aka kwashe ana lallashin ɗan kasuwa ya shigo cikin tsari, rufe gada ya koya masa a wata guda cewa wajen tsari ma ana rayuwa. Mayar da shi ciki ba zai zo da sauƙi ba, kuma asarar ta gwamnatocin biyu ce.

Hanya ta uku ita ce ta Segbana zuwa Tsamiya a jihar Kebbi, a bi ta Kamba a faɗa Nijar. A watan Fabrairun 2026 Najeriya ta ba da izinin motocin da suka maƙale su bi ta nan. Mai karatu ya duba abin da hakan ke nufi ta fuskar takarda: kaya ɗaya, ƙasa uku, hukumar kwastan uku, harshen aiki biyu, manhajoji daban-daban. Idan akwai wurin da ya fi kowane buƙatar haɗin kwamfuta a yankin nan, to wannan kusurwa ce ta Malanville da Gaya da Kamba, wadda kasuwanninta suka daɗe suna rayuwa kamar gari ɗaya.

Saura batun doka, wanda ba a cika tattauna shi a rumfunan kasuwa ba, alhali shi ne gindin maganar. SIGMAT tsarin ECOWAS ne, yarjejeniyar TRIE ma ta ECOWAS ce. Nijar kuwa, tare da Mali da Burkina Faso, ta sanar da ficewa ranar 28 ga Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ECOWAS ta umurci mambobinta su ci gaba da mu'amala da kayan ƙasashen uku da fasfo ɗinsu kamar da, har zuwa wani lokaci. Wannan rangwame ne na wucin gadi, kuma ɗan kasuwa ba ya ƙulla cinikin wata shida a kan abin da za a iya janyewa da sanarwa ɗaya. A watan Maris na 2025 ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, ya sanya nasa harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga waje, alamar cewa suna gina nasu tsarin kwastan. Tambayar da ya kamata Alhazan Gaya da Dosso da Maraɗi su yi ita ce: a kan wace yarjejeniya duwan na Yamai zai dogara ya amince da saƙon kwamfutar Kwatano, kuma wa zai biya idan kaya suka ɓace tsakanin ofis da ofis?

A ganinmu amsar ba ta da nisa. Benin da Nijar kuɗi ɗaya suke kashewa, tashar haɗin gwiwa ta Malanville aikin UEMOA ce ba na ECOWAS ba, kuma dukansu suna cikin ƙungiyar kwastan ta duniya da ta ciniki ta duniya, wadda yarjejeniyarta ta sauƙaƙa ciniki da ta fara aiki a watan Fabrairun 2017 ta tanadi 'yancin wucewar kaya da musayar bayanai tsakanin hukumomin kwastan. Yarjejeniya ta shafi biyu ko uku tsakanin shugabannin duwan biyu ta isa ta ɗaure wannan waya, ba sai an jira an warware rigimar ECOWAS da AES ba. Cire kwantena daga kan gada aikin yini ɗaya ne idan shugabanni sun ga dama. Amma idan aka bar haɗin kwamfuta ya mutu, ma'aikatan da aka horar aka yi masu canjin wurin aiki, kowace ƙasa ta sauya manhaja ba tare da shawartar ɗaya ba, to motoci za su hau gada su tarar da tsarin 1982 na jiran su, da karne da rakiya da lamuni biyu.

Shi kuma ɗan kasuwa akwai abin da ke hannunsa, ko ta wace hanya kayansa suka biyo. Ya tabbata sunansa da lambar harajinsa, IFU a Benin ko NIF a Nijar, su ne a kan takarda, ya daina aron sunan wani don gudun ɗawainiya, domin ranar rigima mai sunan ne mai kaya. Ya karɓi kofin T1 daga ma'aikacin taranzi ya ajiye lambarta, ya gwada lambar hatimi da ta mota da abin da aka rubuta kafin direba ya tashi. Idan mota ta lalace a hanya har za a juye kaya a wata, kada a taɓa hatimi sai a gaban duwan mafi kusa, a rubuta. Bayan an sauke kuma kada ya ce an gama sai ya ga shedar cewa an rufe takardar. Wanda ba ya karanta Faransanci ya sa ɗansa ko wani amintacce ya karanta masa, kada ya dangwala hannu a kan abin da bai sani ba.

Ba mu manta da mafi yawan masu cin kasuwar Malanville ba, wadda ake lissafa ta a matsayin ta biyu a Benin bayan Dantokpa. Mai buhu 20 na masara, da matar da ke sarin garin rogo da manja, da mai kawo albasa da wake daga tsallake, babu ɗayansu da ke da ma'aikacin taranzi ko T1, kuma SIGMAT ba don su aka yi shi ba. Abin da suke buƙata ɗan kaɗan ne: a liƙa farashin fito a allo da Hausa da Dendi da Faransanci, a ba da rasit na gaske a kan duk sefar da aka karɓa, a keɓe masu layi daban da na manyan motoci. Muna kira ga majalisun 'yan kasuwa na Benin da Nijar, da ƙungiyoyin masu motocin dakon kaya, da shugabannin kasuwannin Malanville da Gaya da Kamba, su rubuta waɗannan buƙatu tare da na haɗin kwamfuta a takarda ɗaya, su miƙa wa shugabannin duwan na Kwatano da Yamai da kwanturolan kwastan na jihar Kebbi, su kuma nemi a ba su kujera a duk kwamitin da zai tsara yadda kaya za su riƙa hayewa.